Yadda Muka Ɗura wa Famfon Fagge Iska

Gidanmu ne na ƙarshe a lungun. In ka baro titi ka shiga ta gefen rumfar mai faci, sai ka yi ta tafiya kana tsallake kwata kana amsa gaisuwa, har ka zo inda hanya ta ƙare da wata koriyar ƙofa. Nan aka kawo ni amarya, nan na haifi 'ya'yana duka, daga nan kuma na yi ta sammakon zuwa koyarwa a firamare har na yi ritaya. Baƙo yakan ce Fagge ta yi matsi. Ni dai ban taɓa jin matsinta ba. Ina zaune a tsakar gida zan ɗaga murya in ce a miƙo min garwashi ta kan katanga, kafin in rufe baki an miƙo, har da ƙorafin cewa jiya ban leƙo ba.

A shekarun farko ruwa ba abin magana ba ne. Famfon tsakar gidanmu in za ka murɗa shi sai ka ja da baya, in ba haka ba ya jiƙa ka sharkaf. Yara su shiga ƙarƙashinsa suna tsalle, ni in yi wanki in ɗauraye yadda na ga dama, in wanke tsakar gida tas, maigidana Malam ya dawo daga shagonsa na ɗinki ya tarar da siminti ya yi sanyi ƙalau. Allah sarki, ashe daɗi muke ji ba mu sani ba. Gari ya yi ta cika, kowane gida ya ja nasa siririn bututu daga babban da ke bakin titi, suka bi gefen kwata suna hawa kan juna kamar taliya. Ruwan ya koma zuwa jefi-jefi, daga baya ma sai ranar da ya ga dama.

Ranar da zai zo, famfo ne ke fara sanarwa. Ya yi tari, ya yi huci, ya yi shiru, ya sake tari. Wadda ta fara ji a gidajen gaba sai ta ƙwala, "An kawo ruwa!" Maganar ta bi gida-gida, kowa ya rarumo bokiti da baho da jarka, har da tukunyar miya. Kafin ihun ya iso mu, na gaba sun cika mazubansu. Mu kuwa in ya iso, siriri ne kamar zaren keken Malam. Mun haƙa rami mun sauke bakin famfon can ƙasa, mun tsotsa da baki har mun haɗiyi tsatsa, duk a banza. Ka tara bokiti ka je ka tuƙa tuwo ka dawo bai kai rabi ba, ga shi an ɗauke.

Dole muka koma wa 'yan garuwa. Ba zan ɗora musu laifi ba, bayin Allah, cikin rana suke turo kura, amma ba kowace jarka ka san inda aka ɗebo ta ba. Malam ya kwanta da taifot ya tashi. Wata bazara ya sake kwantawa, wannan karon sai da aka kai ga asibiti da ƙarin ruwa, ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ɗanmu na fari, wanda ba na kama sunansa sai dai in ce Babban, ya riga ya yi gini a bayan gari, ya haƙa rijiyar burtsatse, ya ware mana sashe guda. A barandar asibitin ya tare ni.

"Umma, zaman gidan nan fa ya isa haka. A sayar, ku dawo wurina. Ruwan nan zai kashe mana Baba."

"Gidan naka da ko sallama ka yi sai kare ya amsa?" na ce.

Na san gidan, na taɓa kwana. Ruwa kam ga shi nan kamar a yi iyo, amma katanga ta fi raƙumi tsawo, maƙwabcin dama ba ka san ko mutum ne ko aljan ba. Na wuni ina kallon tayil, ban ji muryar mai talla ba, ban ji kukan jirgi daga tasha ba, ko faɗan yara ban ji ba. Zuciyata ta yi ta ƙunci har na dawo.

Da aka sallamo Malam, ya zauna a kan tabarmarsa ya yanke hukunci cikin sanyin murya, yadda ya saba. Ya ce in har aka yi Babbar Salla famfon nan bai gyaru ba, za mu bi yaron nan. Malam mutum ne da ba ya maimaita magana. Na shiga ɗaki na rufo ƙofa da ƙarfi don ya san ban ji daɗi ba, na zauna a bakin gado ina huci ni ma kamar famfon.

Washegari na yafa mayafi na nufi Sabon Gari wurin Madam. Ibo ce, amma a Kano aka haife ta, in tana zazzaga Hausa a bayan labule za ka rantse 'yar cikin badala ce. A ɗakin haihuwa muka haɗu muna matasa, gadonta kusa da nawa, ta sam min shayi a fulas ɗinta, shi ke nan aka ƙulla. Da Kirsimeti takan aiko mana da shinkafa da kaza mai rai, don Malam ya yanka da hannunsa. Da Salla ni kuma in aika mata da cinya guda da soyayye a langa. Bayan rasuwar mijinta ita ta riƙe shagonsa na kayan famfo, tana zaune tsakanin bututu da kawunan famfo da gwangwanayen gam, tana yi wa masu gyara tsawa kamar 'ya'yanta.

Na zayyana mata komai. Ta ce abu mai sauƙi, a cire siririn bututun nan a sa mai kauri, ita za ta bayar. Na dawo da murna, amma murnar ba ta kwana ba. Kafin a sa sai an fasa simintin ƙofar kowane gida tun daga bakin titi, kuma na gaba suka ce in namu ya yi kauri zai shanye nasu. Ban ga laifinsu ba ƙwarai, kowa ƙishirwarsa ya sani, amma na yi kwanaki ina amsa gaisuwarsu a daƙile.

Da na koma shagon, na tarar da autar Madam ta zo hutu daga jami'a. Karatun injiniya take yi, ni tun tana aji ɗaya nake ce mata Injiniya. Tana cin gyaɗa tana sauraronmu, can ta ɗauko wani guntun tsohon bututu ta miƙo min.

"Mama, sa yatsa a ciki ki ji."

Na sa. Cikin ya yi kaushi.

Ta ce, "To ruwa ma haka yake ji. Duk tafiyar da yake yi yana goga jikinsa da bangon bututun. In bututun siriri ne, ga tsawo, kafin ya iso gidan ƙarshe gogayyar ta cinye masa ƙarfi. Mu a ɗakin gwaji abin da muke yi ke nan yanzu. Muna cusa 'yan ƙananan ƙwayoyin iska a cikin ruwan, su bi jikin bangon, ruwan ya dinga sulɓewa a kansu, sai gogayyar ta ragu."

"Iska?" na ce. "Iskar da muke tsotsewa da baki muna tofarwa?"

"Ita, Mama. Amma fa ƙanana sosai. Kuma a wurinmu ruwan da gudu yake tafiya, da na'urori muke aunawa. Ban ce zai yi a Fagge ba."

Wallahi ta faɗi wannan na ƙarshen, ba zan yi wa yarinya ƙarya ba. Sai dai kafin ta kai can, ni da uwarta mun riga mun kalli juna. Abu ɗaya ne ya faɗo mana a rai lokaci guda: a bakin lungunmu, daidai inda bututunmu ya rabu da babba, akwai mutumin da sana'arsa ke nan ba da iska.

Mai facin Bayarabe ne haifaffen Fagge, muna ce masa Alfa, wato malam a wurin Yarbawa, saboda shi ke jan masu sana'ar bakin titi salla. Da na je masa da maganar sai ya cire hula ya sosa kai.

"Hajiya, ni fa taya nake ba iska. Tunda nake ban taɓa jin an ba famfo ba."

"Yau ka ji. 'Yar jami'a ce ta faɗa, ko ka fi ta sani ne?"

Ya ce bai fi ta ba. Injiniya ta riga ta koma makaranta, mu kuwa ba mu ga dalilin damun ta da waya ba, tunda a ganinmu mun gane karatun sarai. Madam ta kawo mahaɗi mai baki uku, Alfa ya yanka bututunmu da zarto ya ɗaura shi, ya liƙa bawul ɗin taya a baki na ukun. Malam ya wuce zai tafi shago, ya tsaya ya duba, ya dube ni, ya ce Allah ya ba da sa'a, ya yi gaba.

Ranar da aka kawo ruwa, da hantsi ne. Ina jin "An kawo ruwa!" na aika wa Alfa cewa ya tayar. Ya ja igiyar injinsa, ya danna tiyo a bawul, ya sakar masa iska yadda yake sakar wa tayar tirela.

Innalillahi! Ban taɓa jin ƙara irin wannan a lungunmu ba. Famfonmu ya yi wani gurnani, ya girgiza, kansa ya fice fit ya daki langar da ke kan turmi. Jar tsatsa ta feso har kan shanyata. Ashe iskar ba gidanmu kaɗai ta nufa ba, ta koma baya ta shiga bututun kowa. Ta ko'ina sai ihu kake ji da salati. Wata amarya tana wanke shinkafar baƙi, ta koma ja wur. Wani dattijo ya sunkuya zai yi alwala, famfo ya watsa masa laka a gemu. Daga nan kuma sai tsit. Iska ta toshe bututun lungun kakaf, ruwan da aka daɗe ana jira ya zo bakin titi ya wuce, ko ɗigo babu wanda ya samu.

Mata suka cika min tsakar gida. Wadda ke miƙo min garwashi ce a gaba, hannu a ƙugu. "Haba Hajiya! Da girmanki? Ke da kika koyar da 'ya'yanmu?" Na bi su da ban haƙuri ina kankare tsatsa daga zanina. Abin da ya fi ci min rai shi ne shirun Malam. Ya dawo ya ji labari tun daga bakin titi, ya shigo ya ɗauki kan famfon daga ƙasa, ya jujjuya shi, ya ajiye a kan taga. Bayan Magariba na ji shi a waya yana ce wa Babban ya turo dillali ya ga gidan, ba sai an jira Salla ba.

Dillalin ya zo da babbar riga da ƙamshin turare, yana ƙwanƙwasa bango da makullin mota, yana leƙa min ɗaki ba kunya. Har ya ce wurin zai yi kyau da sito, tunda kasuwa na kusa. Sito! Ɗakin da na yi naƙuda a ciki za a jibge wa dilolin atamfa. Ya ce zai dawo da mai saye. Yana fita na kira Injiniya, na faɗa mata abin da muka aikata. Yarinyar nan ta yi dariya har ta sarƙe.

"Mama! Injin faci? Ƙanana fa na ce! Waɗanda ba su kai ƙwayar gero ba, waɗanda ido ba ya iya ware guda. Ku kun tura masa guguwa."

"To uwar iya, yaya ake ƙanƙanta iska? Da wuƙa ake yanka ta?"

Ta ce a wurinsu ta cikin wani abu mai kama da dutse suke tura ta, mai ƙofofin da ido ba ya gani, sai ta fito ɗaya gefen a niƙe. Ta ce ba a samunsa a kasuwa. Ina riƙe da wayar idona ya sauka a kan randar da ke kusurwar rumfa, jikinta ya yi raɓa kamar kullum. Shekara nawa na yi ina koya wa 'yan aji huɗu dalilin da ya sa ruwan randa ke sanyi? Ƙofofi ne a jikinta waɗanda ido ba ya gani.

"Tukunyar ƙasa fa?" na ce.

Ta ce, "Mai yiwuwa, Mama. Amma a sa abin da zai hana iskar komawa baya, kuma a sake ta kaɗan-kaɗan. Kuma don Allah kar ki sa rai da yawa."

Na sa rai, mana. Me ya rage min in ban sa ba? Na je wurin masu tukwane na sayo tulu da kasko, muka fasa, muka goge ɓallayen a kan siminti har suka yi zagaye daidai bakin mahaɗin. Alfa ya gwada su a cikin bahon da yake neman hujin tub. Na farko ya ruguje tun kafin iska ta kama shi sosai. Na biyu ya tsage. Haka muka yi ta yi har ya tara tsingaro a gaban rumfarsa. Ya murza wani a hannu ya zama gari.

"Hajiya, ƙasar yanzu ba ta ƙonuwa. Sai irin ta da, mai kauri, wadda in ka ƙwanƙwasa take amsawa kamar ƙarfe."

Na san inda irin ta take, ai. Randar nan Innata ce ta ba ni ranar da za a kawo ni, ita ma a ɗakin uwarta ta same ta. Duk wanda ya taɓa shigowa gidanmu ya sha ruwanta. 'Ya'yana sun sha dukan moɗa a kanta in sun tsoma hannu. Bayan rasuwar Inna, in kewarta ta taso min, sai in je in buɗe faifan in shaƙi ƙamshin ƙasar nan, in ji kamar tana bayana. Na kwana ina juyi, ina auna randa da gida. Da gari ya waye, Malam ya fita, na aika aka kira min Madam, don na san ni kaɗai ba zan iya ba.

Muka juye ruwan a bokitai, muka ciccibo ta daga cikin yashinta muka kifa a tsakar gida. Na ɗauko taɓarya. Madam ta riƙe min hannu.

"Hajiya, ki bari. Yarinyar nan fa ta ce ba tabbas. In gidan ya tafi, ki tafi da abin uwarki ko ba komai."

"Sake ni, Madam. In tafi da ita ina? Can firji gare su."

Ta sake ni, ta juya baya. Na yi bisimilla na sauke taɓaryar. Ƙarar da ta yi har yau tana kunnena. Na durƙusa a gaban ɓallayen na yi kuka sosai, irin wanda ban yi ba tun ranar da aka fita da Inna, Madam na tsugune a gefena tana share nata da bakin zani. Da muka gaji muka zaɓi gindin, inda ya fi kauri, muka zauna muna goga shi a dokin ƙofa muna karɓa-karɓa. Sauran na tattara a buhu na tura ƙarƙashin gado. Ruwan sha kuwa na koma zuba wa Malam daga kula, in kai masa har inda yake zaune, don kar ya je kusurwar nan.

Alfa ya danna ɓallen tsakanin robar tub biyu, ya tsoma a baho, ya saki iska a hankali. Bai fashe ba. Can sai ga wani farin hayaƙi yana tashi a cikin ruwan, lallausa, ba ƙara ba tafasa. Alfa ya ce, "Ikon Allah!" Masu jiran faci suka taso suna leƙe. Madam ta kawo wani ƙarfe mai hana iska komawa baya, aka ɗaura shi tare da ɓallen a jikin mahaɗin. Ni kuma na bi lungun gida-gida, na ba da haƙurin wancan karon, na roƙi arziki a bar ni in sake gwadawa sau ɗaya tak. Dattijon nan mai gemu ya ce ya yafe, amma in sanar da shi kafin a tayar, ya yi alwalarsa da buta.

Muka zauna jiran ruwa. Kullum in kasa kunne, kullum ina addu'ar kar dillali ya riga shi zuwa. Ran wata Laraba da safe, Malam na shirin fita, sai famfo ya yi tari. "An kawo ruwa!" Na leƙa ta kan katanga na ce a gaya wa Alfa, maganar ta bi bakin mata har titi. Muka ji injin ya tashi. Kafin ka ce me, tsakar gidana ta cika, wasu sun zo kallo, wasu sun zo da shirin faɗa. Na durƙusa a bakin ramin na tara bokiti.

Ya yi huci, ya yi shiru, sannan ya zubo. Fari fat, kamar an dama nono.

"Wayyo, ta sake ɓata shi!" in ji wata.

Na tari ruwan a kofin gilashi na ɗaga sama kowa na gani. Farin ya fara washewa daga ƙasa yana hawa, yana hawa, har ruwan ya koma garau. Na kurɓa. Ruwa ne, lafiyayye. Amaryar nan mai shinkafa ta rangaɗa guɗa, sauran suka ɗauka. Masu cewa ya ƙaru suna yi, masu cewa wallahi ya ninka suna yi, wata har tana cewa a gobe za ta fasa tata randar. Ni ma na ce ya ƙaru, da ƙarfi na faɗa, ina satar kallon Malam.

Yana tsaye a bakin rumfa da hularsa a hannu. Ya ce bari ya ɗanɗana shi ma, ya juya kusurwa zai ɗauko moɗa inda ta saba zama a kan faifai. Sai ya tsaya. Babu komai a wurin sai zagayen gurbi a cikin yashi, ya fara bushewa.

"Ina randar Inna?"

Na ɗaga hannu na nuna bakin lungu, inda injin Alfa ke ta ruri. Ya dubi inda na nuna, ya dubi farin ruwan, ya sake duban gurbin. Mata suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, kowace ta tuna ta bar bokiti a famfo.

Ya zaro waya daga aljihu ya kira Babban, a gabana.

"Ka sallami dillalin nan."

Ina jiyo muryar yaron daga inda nake. "Baba, famfon ya gyaru ne?"

"Na ce ka sallame shi. Ka ba shi haƙuri." Ya kashe.

Daga baya Injiniya ta zo ta duba aikinmu, ta yi ta ɗaukar hoto tana dariya. Ta ce a ɗakin gwajinsu abin gaskiya ne, suna ganin gogayyar na raguwa, amma ruwan da ya taso ba ƙarfi tun daga tushe, iska ba za ta ƙirƙiro masa ba. Ba mu ma sake tayar da injin ba, don Alfa na da tayoyin mutane a gabansa. Amma duk wannan daga baya ne.

A ranar dai, bayan kowa ya watse, Malam bai tafi shago ba. Ya jawo tabarma ya zauna kusa da ramin, ni ina gefe, muna kallon bokitin. Injin ya yi shiru, farin ya ɗauke, zaren ruwan ya ci gaba da zuba yadda ya saba. An daɗe, ko rabi bai kai ba.

"Kin san dai ruwan nan bai ƙaru ba ko?" ya ce, bai dube ni ba.

Na so in musa. Bakina har ya buɗe. Sai na ce, "Na sani, Malam."

"Ni ma na sani." Ya gyara zama, ya mayar da hularsa. "To sai ki dinga tafasa min na garuwar."

Na sunkuyar da kai don kar ya ga idona. Na yi zaman aure da mutumin nan shekara da shekaru, amma ban taɓa jin ƙaunarsa ta cika min ƙirji kamar wannan safiyar ba. Daga ranar bai ƙara shan ruwan da ban tafasa da hannuna ba, bai kuma ƙara ta da maganar tashi ba, ko da famfon ya ƙafe gaba ɗaya bayan 'yan shekaru. A ɗakinsa na Fagge Allah ya karɓi abinsa, ina zaune a gefensa.